Hancin Inna

Tun da aka mayar da gyaran fuska kyauta, matan unguwarmu suka koma kamannin matar da ke allon talla, hanci siriri, fata sumul. Sai mace ta yi magana ake gane ta.

Da Barira ta haihu, mata suka cika ɗakin don barka. Gwaggo Uwale ta buɗe zanen jaririyar, sai ta ƙura wa fuskarta ido.

"Barira, wannan faffaɗan hancin fa, na wa ta ɗebo?"

"Na marigayiya Inna ne, Gwaggo. Nawa ma haka yake a da."

"To ranar suna a haɗa da aski a gyara shi. Kar ta girma ta tsane ki, yadda kika riƙa kuka kina tsanar Inna."

Barira ta ƙanƙame 'yarta. Wayoyi sun daɗe da gyara duk hotunan Inna da kansu. Babu inda fuskarta ta saura sai nan.

"Zan yi shawara, Gwaggo."

"Da wa?"

Barira ta ɗaga kai. Fuska ɗaya ta gani har goma sha biyu, duk suna murmushi, kowace ta miƙo hannu a ba ta jaririyar.