Kwalbar da Ta Ƙone Kan Auta

Mai kitso tana cikin tsefe wa 'yarta Auta kai ta ga wurin. Can wajen ƙeya gashi ya zube, ya bar fili sumul kamar faɗin murfin kwalba. Babu ƙurji, babu ƙaiƙayi. Auta, wadda take aji huɗu a firamare, ba ta ma san da shi ba.

Matar ta daɗe tana sana'arta a wani ɗan shago na bakin titi mai madubi guda da dogon benci. Duk sabon salon da ta koya, a kan Auta take fara gwadawa, mata su gani su ce irinsa suke so. Ba a jima ba fili na biyu ya fito a saman kunne. Wata mata da ta zo kitso ta hango, ta ce cikin raha ashe mai gyara kan mutane ta bar na gida yana zubewa. Mai kitso ta taya ta dariya, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Baban Auta direban babbar mota ne, ba ya cika zama a gida. Kafin ya kama hanya ya sa aka kai yarinyar asibiti. Likitar fata ta haska kan da wani ɗan madubi mai fitila, ta ce ba makero ba ne, ba kitso ne ya jawo ba, kuma ba a ɗauka. Garkuwar jikin yarinyar ce ta yi kuskure tana faɗa da saiwar gashi, amma saiwar tana nan da ranta, kuma yara da yawa gashin yakan dawo musu. Ta ba su man shafawa, ta ce a yi haƙuri a dawo da ita.

Mai kitso ta tambaya ko babu magani mai sauri. Likitar ta ce masu bincike sun fito da sababbin ƙwayoyi, amma na waɗanda zubar ta yi wa tsanani ne, sai da gwajin jini da sa ido ake ba da su, kuma har yanzu ana nazarin yadda suke aiki a jikin ƙananan yara. Auta ba ta kai nan ba.

Abin da uwar ta fito da shi daga asibitin shi ne akwai sabon magani, an dai hana ta ne.

Makonni suka shuɗe ba ta ga canji ba. Auta ta daina cire ɗankwali ko a cikin ɗaki, don 'yan ajinsu sun fara kiranta da Ƙwaryar Molo. Sai wata rana uwar ta ci karo da bidiyo a waya: wani mutum da farar riga yana ɗaga kwalba, yana cewa sabon bincike ya tabbatar da ita, ga hotunan kai kafin a shafa da bayan an shafa. Ta kira lambar da ke jikin bidiyon. Wani mai babur ya kawo mata kwalbar har shago, babu suna a jiki, babu bayanin abin da ke ciki.

Ta gaya wa mijinta a waya. Ya ce ta bari ya dawo su nuna wa likita. Ta ce to.

Da yamma, bayan masu kitso sun watse, ta zaunar da Auta a kan benci, ta tsiyaya ruwan a filin ƙeya, ta ɗaure kan da leda kamar yadda mai bidiyon ya ce. Na saman kunne ta bar shi sai ta ga yadda wannan zai yi.

"Umma, zafi," in ji Auta.

"Daure, 'yar albarka. Mai maganin ya ce zafin alama ce yana aiki."

Yarinyar ta daure iya ƙarfinta, tana murza bakin zanenta. Sai da kukan ya canza murya uwar ta kwance ledar. Fata ta biyo ta.

Maƙwabcinta mai gyaran waya ne ya ɗauke su zuwa asibiti. Ƙunar ta shiga ciki, daga baya kuma ta yi ruwa, Auta ta rasa zangon karatu guda tana jinya. Lambar mai maganin kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Da ciwon ya warke, ya bar tabo mai sheƙi wanda ya fi tafin hannu faɗi. Likitar ta kira iyayen biyu kusa, ta karkata kan Auta, ta nuna musu saman kunne. Wasu siraran gashi sun fara leƙowa.

"Wannan da ba a taɓa ba, ga shi yana dawowa," ta ce a hankali. "Na ƙeyar kuwa saiwar ta mutu. Sababbin magungunan ma saiwa mai rai suke tayarwa."

Baban Auta ya tambaya ko akwai abin da za a iya yi nan gaba. Ta ce idan yarinyar ta girma za a iya duba batun dashe, amma ba za ta yi musu alkawari ba. Har suka isa gida bai ɗora wa matarsa laifi ba. Ita da ma ta fi son ya yi faɗa.

Yanzu gwaggon Auta ce ke zuwa wanke mata kai. Idan uwar ta miƙa hannu, ko da ɗankwalin za ta gyara mata, sai yarinyar ta sunne kai ta ja da baya.

Mai karatu, kalmar "bincike" kowa yana iya furta ta a waya, farar riga kuma a kasuwa ake sayar da ita. Maganin da bincike na gaskiya ya samar yana da suna, yana da ƙa'ida, kuma likita ne ya san wanda ya dace da shi. Kada gaggawa ta sa ka zuba wa fatar ɗanka abin da ba ka san mene ne ba.