Rufin Tela da Rufin Albasa

Tun da dokar haya ta burge ka, saurari misalin wani tela, sannan ka auna da kanka. A wani gari masu gidaje sun mai da ƙarin haya kamar gaisuwar safe. Ɗan haya ya ɗinka sabuwar riga, a ƙara masa; ya yanka rago mai ƙiba ranar suna, a ƙara masa. Kuka ya yi yawa har hukumar garin ta kafa doka cewa kada a ƙara wa mazaunin ɗaki ko sisi, kada kuma a tashe shi sai da dalili. Talakawa suka yi murna, kuma da gaskiyarsu. Cikin masu murnar har da wani tela da ke haya a gidan ƙasa na wata tsohuwa, wadda ba ta da hanyar abinci sai ɗakunan da mijinta ya rasu ya bar mata. A ɗakin yake kwana, a nan yake ɗinki, kuma duk abin da ya mallaka a duniya keken ɗinkin nan ne. Al'adar gidan kuwa, duk shekara kafin damina tsohuwa takan yi ɗan ƙari kan haya ta kira magini, 'yan haya su ɗebo ruwa su kwaɓa ƙasa, a hau sama a yaɓe rufi, a share indararo don ruwa ya sami hanyar zuba.

Telan nan mutum ne mai son bin diddigi, ko kaza ce ta wuce tana ɗingishi sai ya ajiye almakashi ya nemi jin dalili. Shi ya fara lura da abin da ya biyo bayan dokar. Duk ɗakin da ɗan haya ya tashi a unguwar ba a sake sa mutum a ciki, sai buhunan albasa da gyaɗa, don doka ta yi maganar hayar mutane, ba ta ce komai kan buhu ba. Ɗakin da ke jikin nasa ma fatake suka kama, suka cika shi da albasa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, wata safiya ya ji takun ƙafa a sama. Ya fito ya ɗaga kai, sai ga magini yana yaɓe rufin albasa, da ya kai iyakar ɗakin tela ya tsaya cak, ya sauko ya wanke hannunsa. Abin ya ba tela mamaki fiye da haushi. Ya sami tsohuwa a tsakar gida tana tsintar wake, ya ce, "Iya, ni fa tambaya gare ni. Yaya aka yi albasa ta fi ni daraja a gidan nan?" Ta ce, "Ɗan nan, albasa ta biya yaɓenta. Abin da kake ba ni kuwa yanzu ko cefane ba ya kaiwa, ga doka ta ɗaure mini hannu. Ka kawo ƙasa da ladan magini, gobe ma sai a hau." Ya ce, "Haba Iya, in gyara gidan da ba nawa ba?" Ta ce, "Ni kuma in gyara da me?"

Daga nan ya shiga zaga unguwa yana ƙare wa rufin mutane kallo. Ko'ina labarin ɗaya ne: rufin da ke kan buhu sumul, wanda ke kan bil'adama ya tsattsage har ciyawa ta tsiro. Ya tambayi magina, ya tambayi dillalai, har ya zama in ana gardamar haya a bakin masallaci shi ake jira ya zo ya warware. Ya gane ciwon gari sarai, sai dai ko kwano ɗaya na ƙasa bai ɗauka ya hau nasa rufin ba. Lissafinsa shi ne tsohuwa ba za ta bar ɗakinta ya faɗi ba. Ita kuma nata lissafin, tela ba zai bar kekensa a ƙarƙashin yoyo ba. Da ɗigo ya fara, sai ya tara tasa, ya ja keken zuwa lungu, ya ci gaba da jira.

Ran nan da rana ya tafi kasuwa sayen zare, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya toshe da ciyawa, ruwa ya kwanta a sama, azara ta gaji ta saki. Ya dawo a jiƙe ya tarar ana hango sararin sama daga tsakiyar ɗakinsa, keke da yadudduka na mutane duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ruwan bai tsaya tantance ɗan haya da mai gida ba, ya ci bangon tsakani ya shiga cikin albasa, fatake suka kwashe abin da ya tsira suka bar gidan. Tela ya zauna bakin ƙofa ya yi kuka da hawaye, ya ji tausayin kansa, ya ji na tsohuwa. Doka ta hana a tashe shi, kuma ba wanda ya tashe shi, ɗakin ne kawai babu.

Washegari aka ga su biyun a cikin kango, shi yana haƙa da fartanya, ita tana jidar ƙasa da kwando a kai. Aikin da wuni ɗaya zai ishe shi a sama ya ɗauke su kwana da kwanaki a ƙasa, da suka kai ga keken kuma suka tarar ya karye a wuya. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa ya ƙi sharar masallaci, ya yi ta kasuwa.