Telar da ta gaji da rage riga

Kana tambaya ko karatun da ake yi wa 'yan mata ta waya kwalliya ce da za ta biya kuɗin sabulu. To, gyara zama ka ji. An yi wata tela mai 'ya ɗaya tilo, budurwa, tana karatu a kwaleji. Yarinyar nan ta dinga kallon hotunan mata sirara a waya har ta tsani jikinta. Ta bar tuwo, ta bar shinkafa, sai shayin rage ƙiba, in kuma ta ci loma biyu ta zagaya ta amayar. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta kawo riga a rage mata, uwar kuwa tana ragewa tana dariya, wai yayi ne. Ran nan yarinya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Aka kwashe ta sai asibiti. Ƙarin ruwa, gwaje-gwaje, magani, kuɗin mota, har sai da tela ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, ta bi da keken ɗinkinta. Allah ya sa yarinya ta tashi, amma karatun shekarar ya wuce ta.

Ranar sallama wata nas ta nuna wa tela wani darasi da ma'aikatan lafiya ke gudanarwa ta waya, inda 'yan mata ke haɗuwa duk mako suna tattauna zancen jiki da abinci, ba a biyan komai sai ɗan kuɗin data. Tela ta koma gida ta ari keken maƙwabciya ta ci gaba da sana'a. Ba a jima ba sai ga 'yan mata sun kawo ɗinkin anko na bikin ƙawarsu. Ɗaya ta ce, “Inna, ki matse tawa sosai, zan rame kafin biki.” Tela ta ajiye almakashi. Ta kira 'yarta, ita kuma ta ba su labarinta da bakinta, sannan tela ta sa su a darasin ɗaya bayan ɗaya. Kai, zo ka ga abin mamaki! A can aka nuna musu yadda ake matse ƙugu a hoto da ɗan yatsa, suka yi ta shewa suna gwadawa da hotunan junansu, har da na tela. Wata a cikinsu da ke ɓoye abincinta ta samu bakin faɗa, aka haɗa ta da likita tun abin bai yi nisa ba. Wannan ta jawo ƙanwarta, waccan ta jawo 'yan ajinsu, shagon tela ya koma dandali, kowa riƙe da waya ana musu ana dariya. Da suka dawo awo, mai cewa a matse ce ta fara miƙa hannu ta ce, “Inna, auna ni yadda nake.” Ranar biki tela ta hango su sun kewaye faranti, anko ya zauna ɗas a jikin kowa, suna wawar shinkafa da kaza. Ta rangaɗa guɗar da ta sa makaɗa suka waiwayo.

Yarinya ɗaya ta cinye keke da gwal, ga kuma ɗaki guda na 'yan mata sun tsira da kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Gaskiyar Bahaushe da ya ce, rigakafi ya fi magani.