Ƙugiyar Rosaire

Karo na uku ke nan tsohon nan alƙalin gasa, mutumin Suwizalan, yana durƙusawa a kan ƙanƙara, hancinsa kamar zai taɓa sawun da Solange ta bari.

Odile, uwar yarinyar, tana bayan shinge cikin baƙar rigarta ta makoki. Gasar zamiya a kan ƙanƙara ce ta ƙasashe, shekara huɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a nan Kebek ta ƙasar Kanada. Ka'idar ba ta canja ba: yarinya ta zana lamba takwas da ƙarfen takalminta, ta maimaita sau uku a kan sawu ɗaya, alƙalai su duƙa su duba. Sawu uku su zama ɗaya, shi ne gwaninta.

Na Solange ya zama ɗaya. Sai dai a tsakiyar takwas ɗin akwai 'yar lanƙwasa kamar ƙugiya.

Ubanta Rosaire ne ya koya mata haka a tafkin da ke bayan gidansu in ya daskare. Ya taɓa karya idon sawu, to a nan yake ɗan karkacewa, yarinya kuwa ta kwashe har da karkacewar. Ya tafi yaƙi ƙasar Holan bai dawo ba. Gawa ma ba ta zo ba, sai wata takardar sanar da rasuwarsa da Fada, limamin cocinsu, ya karanta wa Odile, don ita da karatu sai a hankali.

Masu koyarwa uku sun ce a gyara ƙugiyar. Duka ukun Odile ta sallame su.

"Mama, in suka rage mini maki fa?" Solange ta tambaya da safe.

"Su rage mana. Hannun ubanki ne, ba mai goge shi ina raye."

Suka rage. Solange ta faɗo ta shida, daidai da wata 'yar Holan mai suna Annelies, wadda ita ma tsohon ya daɗe a kan sawunta.

Da aka tashi hutu, Odile ta tare shi a bakin ƙofar shinge.

"Kai dattijo, gwiwarka ba ta ciwo ne? Me ka tsinta a sawun 'yata?"

"Kuskure, baiwar Allah."

"Kuskuren gidanku! Ka mayar mata da abin da ka cire, ko rabi ne, in ƙyale ka."

"Nan ba kasuwa ba ce."

"To saurara. Mutum ɗaya ne a duk duniya yake zana takwas haka, kuma ya ba da ransa don irinku ku kwana lafiya. Shekara huɗu ina sa masa baƙi. Wannan ƙugiyar kaɗai ya bar mana."

Tsohon ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Shekara talatin ina duba sawu," ya ce, "ban taɓa ganin irinta ba sai yau, kuma sau biyu. Na tambayi 'yar Holan ɗin wa ya koya mata."

Odile ta kama shinge.

"Ta ce mijin uwarta ne, wani sojan ƙasarku mai ɗan ɗingishi da ya zauna can bayan yaƙi. Kullum safiya shi ke kai ta kan ƙanƙara. Ita da uwarta sun yi sun yi ya rako su Kanada, ya ƙi."