Ɓarawon Furen Shingena

Baltazar mai shanu ya yanke mini furannin shingena, kuma ya kawo mini su har ƙofar gida wai kyauta. Mutum da furfurarsa a gemu.

Duk tsibirin Faial an san hortensiyata, furen da na yi shinge da shi. A watan Yuli shuɗiya ce, Satumba na kamawa sai ta koma kore-kore, bakin furen ya yi ja. Irin na Satumban ya rungumo, hularsa a hammata.

"Dona Graciete," ya ce mini, kansa a sunkuye.

"Ka tashi sata, sai ka sato waɗanda suka koɗe? Ko ba'a kake mini don ni ma na koɗe?"

Ya ɗago kai. Kunnuwansa sun fi furen ja.

"Na Yuli kwana biyu suke yi a tulu su yanƙwane. Waɗannan in an rataye su, har sanyi ya wuce suna nan. Shi ya sa na jira." Ya miƙo mini furannin. "Ki aure ni."

Tun rasuwar mijina ba wanda ya taɓa kashe mini baki sai ranar. Na karɓi furannin, tunda dai nawa ne. Sai na riƙe masa hannu.

"Kin yarda ke nan?"

"Ka ji na ce a'a?"

Ya yi ta dariya har karensa ya kama haushi.

Amma ka saurare ni, Baltazar. Maruƙanka sun fara shigo mini lambu ta giɓin da ka bari. Ka zo ka toshe shi kafin Lahadi, sannan mu je wajen Fada a coci a sa ranar aure.