Kaset ɗin da Baba ya hura

A shekarar fari, lokacin mulkin soja, ɗinki ya tsaya cak a shagon babana a unguwar Wadata. Wata la'asar ya jona mini na'urar wasan gem a talabijin, amma kaset ɗin ya ƙi tashi. Ya zare shi, ya hura cikinsa sau uku, bakinsa na ƙamshin goro.

"Baba, na gaske ne?"

"Jabu ne, ɗana. Sai an lallaɓa shi."

Muka yi wasa har magariba. Satin nan ya tafi Abijan neman aiki, bai dawo ba.

Jiya na sauke jabun wasan nan a wayata. Ɗiyata ta ce, "Baba, ai doka ta hana." Na ce na sani. Nan take wasan ya tashi. Na yi ta jujjuya wayar, na rasa inda zan hura.