Wadda Ta Ja Sandar

Ajiye mayafin nan, Tabawa, ba inda za ki sai kin ji ni. Kin ce baƙon da ya sauka a bakin kasuwa yana ganin abin da ke cikin zuciya, da idonki kika gani, don haka za ki kai masa maganar 'yan kunnenki da suka ɓata. Ban ce idonki ya yi ƙarya ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ga misali.

An yi wata mai daddawa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna gidan aure. Abu ɗaya ta gada wurin uwarta, munduwar azurfa, tana ajiye ta a ƙasan adudu, ba ta sa ta sai da salla. Katanga ɗaya ta raba ta da aminiyarta. Shekara talatin a turmi ɗaya suke surfen kalwa, in ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ke hura mata wuta. Wata safiya ta buɗe adudu, babu munduwa. Ta zazzage tsummokara, ta ɗaga tabarma, har tokar murhu ta tona. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Sai dai ta tuna sallar bara, da aminiyar ta zura munduwar a hannu ta ce cikin wasa kamar don ita aka ƙera. Ta yi a'uzubillahi ta kori tunanin. Ya tafi, ya dawo.

Ranar kasuwa wani mai duba ya sauka garin, aka kawo mata shi. Ba ya buga ƙasa, ba ya watsa wuri, gajeriyar sanda ce da shi wadda ba ta fi kamu ɗaya ba. Ya ce a fara gwada shi tukuna. Ya fita waje, matar ta ɓoye allura a gindin randa. Ya dawo ya kama kan sandar, ya ba ta ɗaya kan, ya ce ta riƙe da kyau, ta sa zuciyarta a kan wurin, kada ta yi magana. Ya runtse ido yana taku a hankali. Ya nufi turken awaki, ya tsaya, ya juyo, ya yi dama, ya yi hagu, sai ga shi durƙushe a gindin randa da allura a hannu. Tsakar gida ta ɗauki salati. Ya ce to, yanzu ta sa zuciyarta a kan munduwa. Sanda ta fita da su ta zaure, ta bi jikin katanga, mutane na biye, ta tsaya cak a ƙofar aminiyar. Ita kuwa tana zaune da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga kalwar mai daddawar. Mai duba ya ce shi bai kama sunan kowa ba, sanda ce ta tsaya.

A cikin taron akwai wata makauniya da ƙanwarta ke yi wa jagora. Makauniyar ta tambaya me ke tsakanin hannunsa da na matar, aka ce sanda. Ta ce, "Shekara ashirin ina riƙe da ƙarshen sanda. Kafin mai jana ta juya na san inda za ta, ko kunama ta gani sandar ke fara gaya mini. Ku ba wata mace daban allurar ta ɓoye, mai munduwa ta fita waje tare da shi, sannan su dawo su kama sandar." Aka yi haka. Ya je turke, ya je madafa, ya zaga rumbu sau uku gumi na zuba, allura na nan soke a jikin zana bai ko kalli wajen ba. Ya ce rana ta yi zafi, rauhanansa sun tashi. Kafin la'asar shi ma ya tashi.

Kada ki yi wa matar nan dariya, ba wawuya ba ce. Abin uwarta ne ya ɓata, kuma wallahi ba ta san hannunta na ja ba. In ya nufi inda zuciyarta take, hannun ya saki. In ya kauce, hannun ya ɗan cije. Iyakar iliminsa ke nan, ya iya sauraron hannu. Da yamma ta cika ƙwarya da daddawa ta shiga gidan aminiyar, ta durƙusa tana kuka, ta ce mayaudari ne ya shiga tsakaninsu. Aminiyar ta karɓi ƙwaryar, ta ce ta yafe duniya da lahira. Sannan ta ce, "Shi baƙo ne, bai san ƙofata ba. Ke tun yaushe kike zargina?" Mai daddawa ta tashi ta koma gida. Munduwa ba a gan ta ba har mai ita ta koma ga Allah. Sun ci gaba da gaisawa, suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, amma kowacce ta sayi turminta.

To ke, Tabawa, tun da na fara maganar nan sau biyu idonki na zuwa ƙofar matar ƙaninki. Kin riga kin san inda sandar mutumin nan za ta tsaya, don ke za ki kai ta. Ninke mayafin, ki koma ki sake duba ƙarƙashin gado. In ba ki gani ba ki bar wa Allah, 'yan kunne ana ƙera wasu. Masu magana sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.